Kara Nawa?

Likita ta ɗaga hoton ƙirjina ga hasken taga,
ta jima, sannan ta ce,
"Malam Bizo, kara nawa kake sha a yini?"
Na ce, ranki shi daɗe,
ban taɓa ƙyasta ashana don taba ba.
Ta dube ni irin duban da ake wa yaro
mai maiƙo a baki, yana rantsuwa bai buɗe tukunya ba.

Shekara ashirin da uku ina faci
a bakin titin Wadata,
nan inda jar wuta ke tsai da rabin Yamai.
A durƙushe nake aiki,
hancina daidai bakin salansa.
Taksi ta yi gyatsa, ni ke haɗiyewa.
Kabu-kabu ya yi tari, ni ke karɓa.
Manyan motocin Kwatano in sun numfasa
sai ka ce magariba ta yi da hantsi.
Da dare in na kaki, abin da ke fita
da gindin tukunya uwarsu ɗaya.

Nomau mai tebur, maƙwabcina, shi ke sai da sigari.
Kowane kwali da gargaɗinsa a goshi.
Shi ma yana taɓawa.
In ya kunna a fada sai a kama hanci:
"Matsa can, kar ka kashe mu!"
Ya sulale bayan katanga kamar mai bashi.
Amma bari Alhaji ya tsaya da ƙatuwarsa,
inji kunne don kar sanyin ciki ya tsere,
mu ne masu miƙewa:
"Allah ya sa alheri! Allah ya kai mu ga danshinku!"
Har mu shafa jikinta, mu ce amin cikin hayaƙi.

Ba belin taba na zo yi ba.
Ta cinye ƙanen babana a Tawa,
ya koma sillen kara,
numfashinsa kamar zugazugin da ɓera ya huda.
Sai dai shi da ƙafarsa ya je,
da kuɗinsa ya saya, kara-kara.

Tsahara fa, me ta saya?
Shekararta tara.
Tattasai aka aike ta, na dala ashirin.
Takalminta ɗaya ya kwana biyu a gefen kwalta,
kowa ya zo sai ya kewaye shi.
Taba takan ba mutum shekaru ya nemi gafara.
Mota ba ta sallama.

Akwai wani dogon yaro a nan da,
tsofaffi na dara a ƙarƙashinsa har la'asar.
Aka faɗaɗa hanya.
Yanzu Baba Anaruwa yana wancan hayi, abokansa suna wannan,
gwiwarsa ba ta tsere da ƙarfe.
Da hannu suke gaisawa,
kamar waɗanda kogi ya raba.
Shi wannan, a wane kwali za a rubuta shi?

Likita ta ce, "Ka nisanci hayaƙi."
Na ce to.
Ban gaya mata daga cikinsa tuwona ke fitowa ba,
kowace ƙusa a hanya rabona ce.
Ban gaya mata adashen da nake zubi ba:
jikka biyu duk Juma'a,
don ɗana Tsahiru ya sami babur kafin salla.

Da na dawo, Nomau ya hango ni tafe, ina tari.
Ya yi sauri ya murje tasa a ƙasa,
ya kore sauran da hularsa,
ya ce, "Gafarta mini, Bizo."
A bayansa wuta ta koma kore.
Su ɗari suka taso gaba ɗaya.
Na ɗauko famfona, na durƙusa.