Wanda Ya Riƙe Wata

Saura minti bakwai a ɗaga labule
a titin Corrientes.
Nélida na durƙushe, allura a bakinta,
tana ɗinke hammatar rigar jaruma.
Ba ta magana. Allura ba ta son surutu.

A ramin makaɗa, Casimiro ya soke layi huɗu
daga waƙar da ya yi wata tara yana raino,
wai numfashin yarinyar bai kai ba.
Da fensir ya soke, ba da biro ba.
Mai rai ba ya fid da tsammani.

Ni kuwa ina lungu cikin duhu, na'ura a kunne,
ina raɗa: fitila ta talatin da ɗaya, shirya, kunna.

Sai wata ya maƙale.
Watanmu na katako da fenti,
igiyarsa ta harɗe a rabin hanya.
Fermín, ɗan shekara sittin mai ciwon gwiwa,
ya hau tsani ba takalmi don kada a ji shi,
ya tallafe wata da hannu biyu
har jaruma ta kai ƙarshen baitinta.

Tafi ya ɓarke kamar ruwa bisa kwano.
Sunayenmu na can shafin ƙarshe, ƙananan baƙaƙe,
inda 'yan kallo ke naɗe cingam.

Da aka watse, muka zagaya da shayin mate a ƙoƙo ɗaya.
Hannun Fermín bai daina rawa ba.
Nélida ta ce, "Gobe ma akwai wata."
Ya ce, "To, a sayo igiya."