Ƙarfe Ba a Sayensa da Ido

Ranar Laraba muka shiga wurin 'yan gwangwan
bayan Ƙofar Ƙaura, ni da Rabe,
da Baba Nalado a tsakiya, hannunsa bisa kafaɗata.
Shekara tara ke nan da idanunsa suka rufe,
amma shi ya ce a zo da shi.

Fijon tana gida, ɗare bisa bulo.
Mun cire kujeru, mun cire gilasai,
Rabe ya yi mata haƙarƙarin bututu daga ciki
don ko ta kife ta bar mani wuyana.
Inji ya tashi.
Saura giya, mai kai maganarsa ga taya.

Sada mai shago ya jawo atomatik 'yar Kwatano,
fes, ko ɗigon baƙin mai babu.
"Wannan ita ke tunani, kai dai taka totur."
Baba ya ce, "To ita za ta yi tseren ke nan,
kai me za ka je yi?
A kwana ta biyu, inda ƙasa ke santsi,
za ta tsaya shawara da kanta,
kafin ta gama kana cikin gonar mutane."

Ni mai lamba biyar nake so. Na faɗa.
Biyar ta fi huɗu, ko yaro ya sani.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Filin naku taku nawa ne?
Kafin ka lalubo biyar, fili ya ƙare.
Kaya kawai za ka ɗauka,
kamar mai zuwa rijiya da tulu cike."

Aka kwantar da guda uku a ƙasa.
Ya durƙusa, ya naɗe hannun riga,
ya murza ta farko, kunnensa a jikin ƙarfe.
"Boris ɗinta na kuka."
Ta biyu ya sa mata lamba, ya girgiza,
ta fice da kanta.
"Wannan ta saba gudun aiki."
Ta uku baƙa ce, laka ta bushe a bayanta,
daga tsohuwar motar Jibiya aka ciro ta.
Ya sa aka buɗe.
Ya bi haƙoran da ɗan yatsa, ɗaya bayan ɗaya,
bakinsa na motsi,
ya shinshina man, ya mutsuke shi tsakanin yatsu
yana neman garin ƙarfe. Babu.
Ya daɗe bai ce komai ba.
Can sai ya ce, "Nawa?"

Ciniki ya kai mu la'asar.
Kuɗin tunkiyata can suka kwana,
agogon Rabe ya zauna jingina.

Asabar, hanyar Kaita. Ruwa ya sauka da asuba,
jar ƙasa ta yi laushi kamar sabon tuwo.
Mu bakwai a layi,
ƙafar hagu na rawa bisa kuloci.
Ɗaya. Biyu. Uku a miƙe,
kwana ta taso, na dawo biyu,
bayan motar ya zame, na ji shi a ƙuguna,
na ba ta wuta, ta miƙe.
Kan giya na ɗumi a tafina
kamar hannun wanda muka gaisa.
Huɗu sau ɗaya na taɓa ta, shi ma don kwaɗayi.

Na zo na uku.
Ɗan gidan Maiwada ya ci,
kuma da mai biyar, in za a faɗi gaskiya.

Na iske Baba a gindin bedi
da ƙwaryar fura a cinya.
Ban buɗe baki ba ya ce,
"Zagaye na shida ka makara wajen sauko da ita.
Daga nan na ji tana kiranka.
Ita ba ta da laifi."
Ya miƙo mani ludayi.
"Gobe ka zo da wuri.
Kulocin nan naka yana ƙauri."