Zanzaro Bai Cike Fom Ba

Shekara sha ɗaya ina faci a bakin hanyar Biu,
taya ta zo a kwance, ta tafi a tsaye,
sule kan sule, adashi kan adashi,
har na sayi fili a Tumfure,
ƙafa hamsin a ɗari, da shaidar mai unguwa,
da dogonyaro guda a kusurwar gabas,
da kwari can baya, taku talatin, yana barcinsa.

Na sauke bulo ɗari uku.
Gidado magini ya ja igiya, ya yi bisimilla,
layi huɗu muka ɗora.
Wayewar gari na tarar an yi mana kwalliya,
jan fenti a gicciye, bai ko bushe ba:
a dakata, a zo ofis.

Kumo ba nisa, in ji wanda ba shi ke biyan mota ba.
Sakatariya, ɗaki na uku bayan tankin ruwa,
benci mai ƙafa uku da rabin bulo.
Madam Rifkatu ta dube ni ta saman tabarau:
ina takardar ciniki, ina zanen gida,
ina hoto huɗu, ina rasit na haraji?
Na ce zanen yana kaina,
ɗaki biyu da falo, makewayi a yamma,
murhun Talatuwa inda hayaƙi ba zai sa maƙwabci tari ba.
Ta yi dariya, ba ta mugunta ba,
ta ce, Baba, kai ba ya shiga fayil.

Na sayar da tsohon injin iska na biya mai zane.
Ya fitar min da gidana a shuɗin layi,
har da tagar da ban san ina da ita ba.

Litinin oga ya tafi taro.
Laraba oga ya dawo, hatimi ya yi tafiya.
Juma'a kuwa kowa ya san Juma'a.
Wani yaro mai takalmi mai tsini ya raɗa min
wai fayil gurgu ne, sai an saya masa ƙafa.
Na ce, ɗana, ni ƙafar mota nake gyarawa.

A zaman bencin nan na saba da zanzaro.
Can saman allon sanarwa
yake kawo laka, ɗigo bayan ɗigo,
ɗaki ɗaya, ɗaki biyu, ya liƙe, ya ƙara.
A tsakiyar ofishin izini yake gini,
ba fom, ba hoto huɗu.
Kafin fayil ɗina ya ƙetare tebur biyu
'ya'yansa sun huda bango sun tashi.

Damina ta sauka.
Siminti buhu goma a zauren Gidado
ya sha laima, ya koma dutse da rigarsa.

Wata na bakwai takarda ta fito,
hatimi biyu, sa hannu da koren biro.
Madam Rifkatu ta miƙo min da hannu biyu,
ta ce Allah ya sa a tare lafiya.
Na naɗe ta a leda na ɗora a ƙirji.

Malam Yerima mai awo ya zo kafa turaku.
Ya ja tef daga gindin dogonyaro zuwa baya,
ya tsaya, ya sake ja,
ya cire hula ya sosa ƙeya.
Takarda ta ce ɗari.
Tef ya ce tamanin da biyu.
Kwari ya farka a ruwan Agusta,
ya tako cikin dare ya lashe murhun Talatuwa.
Bai je Kumo ba, bai san bencin ba.

To, faci dai na iya.
Na kwaso tayoyin da suka gaji da hanya,
na cika cikinsu da yashi,
na jera su a bakin ramin, na dasa jema a tsakani.
Gidado na ɗora layi na biyar a kan jan fenti,
ni ina durƙushe a baya ina wa ƙasa faci,
ban kuma tambayi kowa ba
ko wannan ma yana son hoto huɗu.