Rabin Rana

A Gummi, bayan ɗakin girkinmu,
akwai ɗan fili, taku bakwai in ba ka yi gaggawa ba,
tsakanin randa da katangar Nomau.
Nan na ja fangali.

Rana kan leƙo da hantsi,
ta zauna a ɗofane
kamar baƙuwar da ta baro tukunya a wuta.
Kafin azahar ta yi sallama,
mangwaron Nomau ya miƙo hannu ya lulluɓe mu.

Irin na Inna Tumba ne.
A ƙulle na same shi cikin tsumma, da toka,
a gindin kwallarta,
kusa da allura da kwabo mai huji.
Ba suna, ba hoto irin na ɗan leda.
Ita dai takan ce, "Wanga na uwata na,
ita ma iske shi ta yi."

Hakilu mai injin ban-ruwa ya leƙo ya kwashe da dariya:
"Tumatir ɗan rana ne, ke kin sa shi a lungu."

Ya kuwa tashi siriri, wuya a miƙe,
kamar yaro yana ɗage a bayan manya.
Na kafa masa karan dawa, na ɗaure da zaren buhu,
na tsinke ganyen da ke shafar ƙasa,
na ba shi kashin awaki wanda ya huce.
Ruwa sai na tsoma yatsa tukuna,
don laima ba ta saurin barin inuwa.

Furen fari ya zube.
Na biyu ma ya bi shi.

Na je wa Nomau da maganar reshe ɗaya tak.
Ya dubi bishiya, ya dube ni,
ya ce, "Ubana ya dasa ta."
Na juyo ban tanka ba.
In ce me? Ni ma gado nake reno.

Sai zafi ya sauko gadan-gadan,
har ƙadangare na neman gindin randa.
Na fadama suka yi fari a gefe, suka tsotse.
Nawa yana nan a lungunsa,
yana nuna a hankali, ba wanda ya aike shi.

Goma sha ɗaya na fara ƙirgawa.
Ba kyan gani:
wani ya yi kumatu, wani ya tsage a gindi,
kafaɗarsu kore ko da ciki ya yi jawur.
Fatar ba ta jure kwando,
dillali ba zai ko taya ba.

Amma na yanka ɗaya a tsaye, bakin fangali,
na barbaɗa gishiri.
Tsami ya fara gaisawa, zaƙi ya biyo a baya,
ruwan ya gangaro har gwiwar hannu,
sai ga ƙamshin miyar Inna, ranar Juma'a,
shekara ashirin da rufe ta.

Na aika wa Nomau uku a kwano.
Kwanon ya dawo da mangwaro biyu,
ɗaya tsuntsu ya riga ni.

Mafi muni a cikinsu na bari ya luguiguice.
Na matse, na wanke, na shanya a inuwa,
yanzu ina tankaɗen toka.
Tsumman ya tsufa, zan yi masa faci.
Wa zai kwance shi bayana, oho.