Wutsiyar Katako

Hunturu biyu ina ɗaure wa baƙi takalman zamiya
a gindin dutsen Karakol,
ina durƙushe, su suna kallon sama.
Abin da suka sauke mini a tafin hannu
na tara a gwangwanin shayi:
som dubu goma sha takwas, da 'yan canji.

Ƙanwata Akmaral tana gangaro dutsen nan
kamar an tsinke mata igiya.
Sau uku na auna ta da waya,
sau biyu sanyi ya kashe wayar a hannuna.
Hoton da ya fito kuwa, baƙin ɗigo,
ka ce ƙuda ne ya faɗa a nono.

Shagon Saginbek yana bayan kasuwa,
tsakanin mai gyaran agogo da mai zuma.
Na nuna wata sabuwa a cikin gilashi,
baƙa wul, sai sheƙi take.
Ya faɗi kuɗinta.
Na mayar da yatsana aljihu.

Ya ce, "Iya kuɗinka, iya shagalinka. Amma zauna."
Ya jawo wata daga ƙarƙashin kanta,
ta sha hannu, kusurwarta ta koɗe,
maratayinta yana warin taba.
"Ta wani likitan dabbobi ce.
Shekara tara yana bin dawaki da ita a kan tudu."

Na ce araha ba ta ado.
Ya ce, "Ado za ka kai kan dutse?
Sa safar hannunka."
Na sa. "To, danna."
Maɓallanta manya, na same su ba lalube.
Ya miƙo sabuwar: yatsa ɗaya, maɓalli uku.
"Can sama, mai cire safa don ɗaukar hoto
yakan sauko da hoto, ya baro yatsa."

Sai ya raba mini kuɗina a kan tebur:
goma na gangar jikinta,
shida na dogon ido mai jawo nesa kusa,
biyu na batir na biyu.
"Batir ragon maza ne, sanyi kaɗan ya kwanta.
Ɗaya a ciki, ɗaya a hammatarka kamar ƙwai.
Dusar ƙanƙara kuma tana ruɗa ta:
in ta ga fari ya yi yawa sai ta runtse,
ta ba ka toka.
Ƙara mata haske ko tana gardama.
In ka sauko, kar ka shiga da ita ɗaki tsirara,
za ta yi gumi har hanji.
Ƙulle ta a leda, ta ɗumama sannu a bakin ƙofa."

Canjin ya bar mini na mota.

Ran Lahadi na kwanta rubda ciki
bayan tuta ta bakwai,
numfashina ya daskare a gashin baki,
gwiwar hannuna ta daina zama tawa.
Na ji ta kafin in gan ta,
ƙarar wuƙa a kan dutsen wasawa.
Na danna.

Ga abin da na samu:
wutsiyar katakonta na hagu, ja,
tana ficewa daga gefen hoton,
sai feshin dusa a bayanta,
kowace ƙwaya a tsaye cik cikin iska,
fara tas, ba toka ba.
Akmaral kam, babu ita.

Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa.
Saginbek ya ɗaga tabarau, ya daɗe yana kallo,
ya ce, "Tsohuwa ta yi nata. Saura kai."

Inna ta sa an wanke shi,
ta kafa shi a bango sama da murhu.
Duk baƙon da ya shigo sai ta nuna:
"'Yata ke nan."
Su matsa kusa, su duba, su ce ina take?
Ta zuba musu shayi, ta ce,
"Ta yi gaba."