Kwana Tara a Gidan Kawu Barau

Wata biyar ke nan ina goye da jakar nan,
ko ita ke goye da ni, na daina tantancewa.
Na sauka Gidansk, takalmina na hagu ya buɗe baki,
a hannuna adireshin da Inna ta karanto mini ta waya
tana tuntuɓe a kan baƙaƙen da suka ƙi wasali.

Hawa na huɗu, ƙafa ce kawai ke kai mutum.
Wanda ya buɗe ƙofa hancin Inna ne a fuskarsa,
har da tsayuwarta, hannu ɗaya a ƙugu.
Ya ce, "Sannu da..."
sai ya tsaya yana lalube
kamar mai neman makulli a aljihun tsohuwar riga.
Na ce, "Zuwa."
Ya ce, "Zuwa!" Ya yi dariya har sai da ya share ido.

Karatun ƙera jirgin ruwa ya kawo shi,
shi da babban ruwan da ya sani
kududdufin bayan kasuwa ne.
Shekara biyar aka ce zai yi.
Bana talatin da takwas.

Matarsa Bozena ba ta tambaye ni ba,
ta juye jakata cikin injin wanki,
ruwan ya fito da launin ƙasashe bakwai.
Ta zuba mini miya ja kamar zoɓo,
amma da cokali ake sha, da zafinta.
Na yi barcin awa goma sha huɗu
a gadon da babu baƙo yana minshari a samansa.

'Yarsu Jagoda Hausarta kalma uku ce:
zo, bari, kai!
Ta ce da su ake yi mata faɗa tana ƙarama.

A baranda yake ɓoye daddawarsa,
gwangwani cikin gwangwani cikin leda,
tun ranar da maƙwabci ya ƙwanƙwasa
yana tambaya ko wani abu ya mutu a bango.
Na zaro ƙullin kukar da ya rage a gindin jakata.
Bai kwance ba tukuna.
Ya daɗe da shi a hanci, ido a rufe.

Da dare, in gidan ya yi shiru, sai ya fara kiran suna.
Tsalha mai gyaran keke? Ya rasu.
Mairo Dogo? Ta rasu.
Rijiyar masallaci? An cike ta.
Hausarsa da kwabo take lissafi,
irin wadda na bar ji tun rasuwar kaka.
Da ya zo kan tsamiyar ƙofar gida,
wadda aka sare aka kafa shagon cajin waya,
na ce, "Tana nan, Kawu."
Ya gyaɗa kai. Ban san wa ya yaudari wa ba.

Ran Lahadi ya kai ni bakin teku,
iska tana yanka kunne.
Ya duƙa cikin ciyawar da ruwa ya amayo
ya tsinto wani abu kalar zuma.
Ya ce ƙaro ne, na itatuwan da babu su yanzu.
Na ɗaga shi sama:
ɗan ƙwaro a ciki, fukafukinsa a buɗe,
kamar yanzu zai tashi.

Baƙo raɓa ne. Rana ta tara na ɗaure kaya.
Na tarar ya liƙe bakin takalmina da gam ɗin jirgi,
Bozena ta cusa burodi da cuku inda babu wuri,
Jagoda ta riƙe igiyar jakar ta ce, "Bari,"
daga baya ta ce, "Zo,"
kuma duka biyun daidai ta faɗa.

A tasha, direban motar Bilniyus ya riga ya tayar.
Kawu ya kama hannuna ta taga.
"In kin koma, ki ce wa 'yar'uwata..."
Ya tsaya, yana lalube.

Wannan karon ban taya shi ba.
Ni ma ban san kalmar ba.