Mai Sakata

Gafiya ta tone mini gyaɗa, kunya arba'in,
a bayan Shika, daura da layin dogo.
Gyazbi ya bi masara yana sara daga tushe
kamar an biya shi kuɗin ƙwadago.
Na ɗana tarko, ya kama bushiya.
Na zuba guba, kazar Tanimu ta ci ta mutu,
na biya dubu shida, na ɗora da ban haƙuri.

Wata tara takardata na yawo a ofisoshi
kafin hatimi ya sauka a kanta.
Ranar na nufi Sabon Gari neman Saja Barau,
wanda ya tsufa a Defo
yana koya wa kurata riƙe numfashi.
Ya sa hularsa, ya raka ni wurin dillali.

Uku aka shimfiɗa mana a kan buhu.
Ta farko baƙa wuluk, sai sheƙi, ba nauyi.
Idona ya liƙe mata.
Saja ya ce, “Ta masu ɗaukar hoto ce.
Bugun zuciyarka kaɗai ya isa ya kaɗa ta.”
Ta biyu mai aman harsashi bi da bi,
ya ture ta da bayan hannu.
“Gona za ka tsare ko yaƙi za ka?
Mai yawan magana ba ya jin abin da ya faɗa.”

Ta ukun tsohuwa ce.
Ƙotarta ta goge kamar ta fartanyar kakana,
bututun da kauri, madubin da tabo a gefe.
Na ɗaga, kafaɗata ta yi ƙorafi.
Ya karɓa, ya ja sakatar: ƙaras.
Ya mayar: ƙaras.
“Ka ji? Ƙofar zaure ke nan bayan lisha.
Harbi ɗaya, ka buɗe, ka rufe.
Tsakanin buɗewa da rufewa
akwai ɗan wurin da hankali zai zauna.”

Mun gwada ta a ramin da ake haƙar jar ƙasa,
gwangwanin madara a taki ɗari.
Na farko ƙura ya tayar, can hagu.
“Fizgar kunama ka yi,” in ji shi.
“Matsa ta a hankali,
kamar kana gwada nunar gwanda.”
Sati shida ina zuwa ramin nan.
Ranar da huda uku suka ɓuya ƙarƙashin murfin kwalba
bai yabe ni ba, goro kawai ya ɓara mini.

Da la'asar sakaliya na kwanta bayan suri.
Sauro na cin wuyana, ban motsa ba.
Ga shi ya fito, ƙato, gashinsa a tsaye,
ya riƙe kara da hannu biyu kamar mai busa sarewa.
Giciyen madubi ya sauka bayan kunnensa.
Na fitar da rabin numfashi.

Sai ƙararrawar keke.

Can bayansa, inda ban taɓa dubawa ba,
ɗan Tanimu ne a kan turba,
galan biyu na ruwa, yana tafe yana fito.

Na ɗauke yatsana.
Na buɗe sakatar, harsashin ya faɗo tafina,
da sanyinsa, cikakke.
Na jima ina kallonsa.
Gyazbi ya ƙarasa karansa, ya kama wani.

Kwana biyu ina tara ƙasa da kwando
har tudu ya tashi tsakanin gonar da turba.
A dare na huɗu na harba, sau ɗaya.
Ban ji daɗin da na zata ba.
Na ɗauke shi ta wutsiya, da ɗuminsa,
na kai gidan Tanimu.
Ya juya shi, ya auna a hannu,
ya ce, “Ya fi kazar tsoka.”